Kukan Motar Gawa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai gyaran wutar mota. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi garinsu ba, don yana da 'ya'ya kuma suna shiga cikin mutane. A garejin da yake aiki Yanzu-yanzu ake ce masa, saboda duk wanda ya kawo masa mota, kafin ya gama bayani zai tare shi da, "Sami wuri ka zauna, yanzu-yanzu za ka tafi."

Kada wani ya ɗauka bai iya aikin ba. Ya iya, har ya fi waɗanda suka koya masa. Rumfarsa ce ta ƙarshe a garejin, bayan ta masu fenti. Akwai tsohuwar kujerar mota da aka ciro aka ajiye wa baƙi, akwai gwangwani cike da matattun fiyus, ga ƙwan gwajinsa rataye a ƙusa. Ƙwan gwajin nan ɗan ƙwan fitila ne mai waya biyu. A maƙala ɗaya a ƙarfen jikin mota, a taɓa ɗayar a inda ake zargi, in da wuta a wurin sai ya kama. Da wannan ɗan abin yake bin waya tun daga batir har fitilar baya, ba ya ɓata hanya.

To amma a sana'arsu akwai wata cuta da ba a gama ta yanzu-yanzu. Duk mai mota a cikinku ya san ta. Rediyo yana cikin magana, a faɗa rami, ya yi ɗif. Gilashi ya sauka lafiya, hadari ya taso, ya ce shi ba zai hau ba. Waifa mai share gilashin gaba ta yi aiki jiya, yau ta tsaya cak, gobe ta tashi ba wanda ya taɓa ta. Ka kwashi motar ka kai gareji, ka tara mutane kana ba da labari, sai ta zama salihar mota, komai yana aiki, a bar ka tsaye ana yi maka kallon mai ƙirƙirar zance. Tawa ma ta sha kunyata ni haka, har na fara zargin tana gane hanyar gareji.

Wannan cutar maganinta haƙuri. Sai an zaunar da mai motar an tambaye shi: yaushe take yi? In an shiga gargada ne, ko in an yi ruwa, ko in ta yi zafi, ko in an ɗora mata kaya? Sai an kunna abin da ke ɗaukewa, a bi wayoyi ana girgiza su ɗaya bayan ɗaya, a ga wadda za ta sa ya ƙifta. Sai an kwance inda aka ɗaure waya a jikin mota an kankare tsatsa, an zare soket an duba ko bakinsa ya saki. Wani lokaci a wuni ana nema, a ƙarshe a tarar da ɗan wurin da robar waya ta goge bai fi ƙwayar shinkafa ba. Yanzu-yanzu ya san duk wannan. Zaman ne ba ya iyawa. Ga motoci sun yi layi, ga suna ya riga ya tafi cewa motar kowa ba ta kwana a hannunsa.

A unguwarsu akwai motar ɗaukar gawa. Mutanen unguwar ne suka haɗa hannu suka saye ta, don maƙabarta tana can bayan gari, ba a iya kai mamaci a kafaɗa. Tsohuwar farar bas ce. An cire kujerun baya, aka shimfiɗa katako a ƙasa, mai walda ya kafa ƙarafa biyu a tsakiya inda ake tura makara ta zauna daram, aka sa benci hagu da dama. Masu rakiya ta ƙofar gefe suke shiga. Makara kuwa ba ta shiga, ba ta fita, sai ta ƙofar baya, ita kuma ƙofar bayan da wuta take buɗewa, direba ke danna mata maɓalli daga gaba. Direban wani dattijo ne da ciwon gwiwa ya raba shi da manyan motoci, kowa Baba direba yake ce masa.

Wata rana da hantsi Baba direba ya shigo garejin da motar nan. Masu fenti suka bar hirar da suke yi. Ba wanda yake son ganin ta a ƙofar wurin aikinsa, ko da ya san babu kowa a ciki.

Dattijon ya zauna a kujerar baƙi ya ce, "Ɗana, motar nan ta fara ba ni tsoro. In ba kowa a ciki, lafiya lau take. Amma da an sa mamaci an kama hanya, sai fitilar ciki ta kama da kanta. Wani lokaci hon ya yi wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, hannuna ko kusa da shi bai je ba. Mu isa maƙabarta, in danna ƙofar baya ta ƙi buɗewa, sai na canja fiyus mutane na tsaye suna jira. Na gaji da haɗa ido da masu gawa."

Yanzu-yanzu ya yi dariya ya ce, "Baba, ko dai fasinjojin ne ba sa son tafiyar?"

Baba direba bai yi dariya ba.

Mutumin nan ya ɗauki ƙwan gwajinsa. Ya danna hon, ya yi. Ya danna ƙofa, ta buɗe. Ya duba akwatin fiyus, komai daidai. Sannan ya hau baya. Ƙamshin kafur da turare ya kama katakon motar, irin ƙamshin da ba ya fita da wanki. Ya taka tsakanin ƙarafan nan biyu, daidai inda makara ke zama. Fitilar da ke saman kansa ta ƙifta. Ya ɗage ƙafa, ta mutu. Ya sake takawa da nauyinsa duka, sai hon ya yi gurnani can gaba, alhali babu kowa a kujerar direba.

Ya san abin da yake ji. Ba aljani ba ne, ba fatalwa ba. Damin wayoyin da ke zuwa baya ya bi ta ƙarƙashin katakon, kusa da ƙafar ƙarfen da aka yi wa walda. Yau da gobe bakin ƙarfen ya ci robar wayoyin. In an ɗora nauyi sai katako ya danna su, tsirarar waya ta taɓa jikin mota. Wayar fitila ta taɓa, fitila ta kama. Ta hon ta taɓa, hon ya yi kuka. In kuwa wadda ke kai wuta ƙofar baya ce ta taɓa, fiyus ya ƙone. Cikin ɗan lokaci ya gano abin da wani zai kwana yana nema.

Saura gyara. Gyaran kuwa sai an kira mai walda ya yanke ƙarafan, an cire benci, an ɗaga katako, an bi wayoyin an sake su, an yi musu sabuwar hanya. Aikin wuni biyu ne a durƙushe cikin wannan ƙamshin. Kuma aikin lada ne, motar jama'a ce, ba mai cewa ga naka sai dai Allah ya saka. Ya leƙa waje, ya ga motocin masu hali suna jiransa a rana.

Sai ya yanko tsohuwar robar taya, ya naɗe ta, ya cusa ta gefen katakon don ya ɗan ɗaga daga kan wayoyin. Ya taka, shiru. Sannan ya koma gaba ya zare fiyus ɗin ƙofar baya, ya feƙe wata waya mai kauri, ya murɗa jan ƙarfenta, ya cusa a gurbinsa.

Ku tsaya a nan, ya 'yan uwa, don ku san girman abin da ya yi. Fiyus ɗan abu ne da bai kai farce ba, da siririyar waya a cikinsa. An yi shi ne don ya mutu. In wuta ta bi inda bai kamata ba, shi ne zai fara ƙonewa ya yanke ta, motar ta tsira. Duk fiyus ɗin da ya mutu labari ya kawo maka, cewa akwai ɓarna a wani wuri. Wayar da mutumin nan ya sa a gurbinsa ba ta mutuwa. Wuta za ta yi ta wucewa ta cikinta har sai abin da ke can ƙarƙashin katako ya yi ja. Almajirin sana'a na watan farko ya san haka, balle shi.

Baba direba ya ce, "Har ka gano?"

"Na gano, Baba. Wata waya ce ta saki, na ɗaure ta."

"Tsakaninka da Allah? Motar nan amanar mutane ce, ba tawa ba."

"Wallahi na gama da ita," in ji shi. Dattijo ya sa masa albarka, ya ja motar ya tafi.

Aka ɗan jima lafiya. Amma roba ba ta zama inda aka cusa ta a motar da ke bin ramuka. A hankali ta zame, katako ya koma mazauninsa. Fitila ta dawo da ƙiftawa, hon ya dawo da kukansa. Ƙofar baya kaɗai ce ba ta ƙara ƙin buɗewa ba, tunda babu sauran fiyus ɗin da zai ƙone.

Baba direba ya sake dawowa. Ranar rumfar cike take da mutane, har da wani mai babbar mota da ake ta yi wa fadanci. A gabansu dattijon ya ce kukan ya dawo. Me zai rage mutumin nan da shi in ya ce, "Baba, bar ta a nan, ban gama ba"? Ba komai sai ɗan zafin kunya na lokaci guda. Amma ya riga ya rantse, kuma ga idanu a kansa.

Ya ce, "Baba, ƙofar tana buɗewa ko ba ta buɗewa?"

"Tana buɗewa."

"To abin da yake na waya na gyara shi. Wannan kukan ba aikin filaya ba ne. Kai da bakinka ka ce sai an sa mutum take yi. Wa ya san abin da kowa ya tafi da shi?"

Wani ya ce, "Allah ya rufa mana asiri." Kafin la'asar maganar ta fita daga garejin, kafin mako ta shiga kowane gida a unguwar: mai gyara ya duba, ya rantse ba waya ba ce, motar gawa tana kuka ne da masu nauyin zunubi.

Abin da ya ƙara ɗaure wa zancen gindi shi ne ba da kowa take kukan ba. In jariri ne, ko masu rakiya ba su da yawa, katako bai danna ba, sai a je a dawo shiru. In mamacin mai jiki ne, benci kuma ya cika, tun daga kwanar farko za ta fara. Mutane ba su san wannan lissafin ba, sai suka yi nasu. Aka koma zuwa jana'iza da kunne a buɗe. Waɗanda da can ba sa raka gawa suka fara rakawa. A dawo ana raɗa: ta yi da wane, ba ta yi da wance ba. Wanda aka san shi da cin haƙƙin mutane, siriri ne, ya tafi shiru, aka ce ashe yana da wani aikin alheri a ɓoye. Wanda bai taɓa cutar da ko ƙuda ba ya tafi da kuka, aka ce mutum ba a sanin cikinsa.

Cikin waɗanda ta yi wa kuka akwai telan unguwar, wani ƙaton mutum mai fara'a, wanda yara ke taruwa a shagonsa suna tsintar ƙyalle. Bayan matarsa ta fita takaba, ta zo garejin da ƙafarta. Ta tsaya a bakin rumfar, ba ta zauna ba, sai da mutane suka ragu.

Ta ce, "Malam, kai ne ka duba motar?"

"Ni ne, baiwar Allah."

"An daina gaishe ni yadda ake yi a da. 'Yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce mota ma ta ƙi ubanta. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya, ban san shi da komai ba sai alheri. Don girman Allah ka sake dubawa. Ko wata 'yar waya ce ba ka gani ba?"

Ya 'yan uwa, ga ƙofa Allah ya buɗe masa har ƙasa. Babu taro, babu mai babbar mota, daga shi sai mace guda mai neman a wanke mijinta. Ya dubi filayar da ke hannunsa ya ce, "Na duba ko'ina. Wallahi babu abin da na gani. Sai dai ki yi ta yi masa addu'a."

Ta gyara mayafinta ta ce, "To, na gode." Ta juya ta tafi a hankali. Ni duk cikin labarin nan babu inda ya fi ƙona mini rai kamar wannan godiyar.

Daga ranar bai ƙara samun natsuwa ba. Yana aiki a cikin wata motar, ya ji hon daga titi, sai hannunsa ya tsaya. Ya san kowace tafiya wayar tana ƙara cinyewa, ya san abin da ke gurbin fiyus. Kullum yana cewa gobe zan je in cire ta. Wata rana da azahar har ya zuba kayan aiki a jaka ya nufi gefen masallaci inda ake ajiye motar. Ya same ta a inuwar bango, gilasanta a rufe, yara sun yi nesa da ita da wasansu. Yana isa, fitilar ciki ta ƙifta sau ɗaya, ba kowa a ciki, ba wanda ya taɓa ta. Ya tsaya yana kallon ta. Sai ga liman ya fito.

"A'a, mai gyara, lafiya? Ko akwai abin da ya rage a motar?"

"Babu, Malam. Wucewa nake yi."

Ya wuce ɗin kuwa, da jakarsa a kafaɗa.

Mutumin nan yana da uwa, tsohuwa, a ɗakin da ke kusa da ƙofar gidansa take. Kuma in za a faɗi gaskiya, yana son ta. Ba ya fita sai ya durƙusa ya gaishe ta, ba ya dawowa hannu sake. Shi ke yanke mata farce, shi ya ja mata waya ya sa mata makunnin fitila a gefen gado don kada ta riƙa tashi. Ta ɗan yi zazzaɓi na kwanaki kaɗan. Wata safiya matarsa ta kai mata ruwan zafi, ta tarar rai ya yi halinsa.

Aka yi mata wanka, aka suturta ta, aka yi mata salla a ƙofar gida. Yana cikin karɓar gaisuwa ya ɗaga kai, ya ga farar motar tana shigowa layin da baya da baya.

Ya ja yayansa gefe ya ce, "Yaya, mu nemi wata motar mana. Akwai mai a-kori-kura a bayanmu."

Yayan ya dube shi da jajayen idanu ya ce, "A-kori-kura? Inna ce za a ɗora a motar yashi? Ko tsoro kake ji ta yi mata kuka? In muka ƙi sa ta, me kake so mutane su ce muna ɓoyewa? Ba kai ka gyara motar ba?"

Mutumin nan ya bar maganar. Ya ce a ransa, ai ba ta da nauyi, ƙashi ce da fata, katako ba zai danna ba. Ya manta tsohuwa ce mai jama'a. Aka tura makara tsakanin ƙarafan, ƙofar baya ta rufe. 'Ya'ya, da ƙanne, da surukai, da maƙwabta suka cika benci biyu har wasu suka tsuguna a ƙasa. Shi ya samu wuri daidai kanta, ƙafafunsa a kan katakon.

Ba su bar unguwar ba fitila ta kama. Kowa ya gani, kowa ya sunkuyar da kai. Da aka hau titin bayan gari, hon ya fara. Ba ɗan gurnanin da aka saba ji ba ne. Dogon kuka ne, ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke, ya dawo. Masu tafiya a gefen hanya suna tsayawa suna bin motar da kallo. Baba direba ya ɗaga hannu ɗaya sama don a ga ba shi ba ne.

Wani maƙwabci ya raɗa wa na kusa da shi, amma kowa ya ji: "Inna lillahi. Har da ita?"

Yayan ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza. Kawunsu ya ɗaga murya da salati don ya danne kukan, bai dannu ba. Mutum ɗaya ne a motar nan ya san gaskiya. Kalma kaɗan za ta wanke uwarsa a gaban kowa, ta tsayar da motar. Amma kalmar za ta jawo rantsuwa, ta jawo tela, ta jawo duk waɗanda aka binne da zargi. Ya ce a ransa, saura kaɗan mu isa, in an sauke ta yau ɗin nan zan gyara.

Sai ya ji ɗumi a tafin ƙafarsa ta cikin takalmi. Sannan wani wari ya taso ta ƙarƙashin ƙamshin kafur, warin da duk mai sana'arsa ya sani ko daga barci aka tashe shi. Har a lokacin bai yi magana ba. Sai da hayaƙi ya fara fitowa siriri ta gefen makara, yana bin farin likkafani.

"Baba, tsaya! Waya ce, ni ne ban gyara ba!"

Motar ta tsaya. Mutane suka yi ta faɗowa ta ƙofar gefe, wani kan wani. Baba direba ya danna maɓallin ƙofar baya, ya sake dannawa. Wayar da za ta buɗe ta ita ce ke ci da wuta. Suka kama makarar su fitar ta gefe, ƙarafan suka riƙe ta, ba ta juyuwa. Busasshen katakon da ya sha turare shekara da shekaru ya kama gaba ɗaya, wuta ta kore su waje.

Mutumin nan ya ruga ya buɗe wurin batir don ya yanke wutar. Babu sifana, babu filaya, wa ke zuwa jana'izar uwarsa da kayan aiki? Ya kama kan batir da hannu yana murɗawa har fatar ta saɓule, bai kwantu ba. Ya koma ta ƙofar gefe ya cusa hannuwansa cikin wutar yana jan makarar, sai da mutane suka fizgo shi. Wasu suna dukan ƙofar baya da dutse, wasu suna watsa ƙasa. Duk wannan abin hon bai daina ba, yana ta kuka a tsakiyar titi, har sai da wuta ta cinye wayarsa ya yi shiru.

Da ƙyar aka ɓalle ƙofar da ƙarfen taya. Ba zan faɗa muku abin da aka fitar ba. An aika gari an sayo wani likkafanin, an kai ta makwancinta a kafaɗa, ba mai iya duban wani. Shi bai ga binnewar ba, yana asibiti.

Ya rayu. Yatsunsa suka manne da juna, ba su ƙara riƙe waya ba, rumfar ta koma hannun wani. Yayansa bai ƙara taka ƙofar gidansa ba. Baba direba ya kwanta ciwo, bai sake tuƙi ba. Amma ba wannan ne ƙarshen hukuncin ba, ya 'yan uwa.

Da ya fito daga asibiti, sai ya shiga bin gidaje. Duk gidan da motar ta taɓa yi wa mamacinsu kuka, ya je ya tsaya a ƙofa, ya yi sallama, ya faɗi yadda aka yi: katako, da ƙarfen walda, da nauyi, da wayar da ya sa a gurbin fiyus. Ya yi ta rantsuwa, wannan karon a kan gaskiya. Kaɗan suka yarda. Mafi yawa suka saurare shi da tausayi, suka ba shi ruwa, in ya juya baya su ce, "Bawan Allah, abin ya taɓa shi. Ɗa ne, dole ya ɗauki laifin ya rufa wa uwarsa asiri. In waya ce, me ya sa ba ta ci da kowa ba sai da ita?" Rantsuwarsa ta farko ta riga ta zauna a zukatan mutane, ta biyun ba ta sami wuri ba. Har yau a unguwar, in za a kwatanta gidansu, cewa ake yi gidan tsohuwar nan da mota ta ƙone da ita. Yana ji da kunnensa, yana tsayawa yana yi wa yara bayanin fiyus, suna ja da baya.

To ina tambayarku. Wa ya ƙone tsohuwar nan? Waya ce? Wayar ta yi ta ba da labari tun da wuri, da fitila, da hon, da fiyus bayan fiyus. Ha'inci ne ya ƙone ta, da rantsuwar ƙarya, da girman kan da ya hana mutum cewa ban gama ba. Aikin wuni biyu ya guje wa. Daga nan ƙaryar ta nemi wata ƙaryar ta tokare ta, har ta kai shi ga yi wa matattu ƙazafi, su da ba su da bakin kare kansu.

Kai mai gini da ka rage siminti a inda ido ba ya kaiwa, kai mai ɗinki, kai mai ba da magani, kai mai koyar da 'ya'yan mutane, kowa ya san katakon da ya rufe aikinsa da shi. Mai kaya ba ya gani, shi ya sa ya ce maka tsakaninka da Allah. In ka kasa, ka ce na kasa. In ba ka gama ba, ka ce a bar mini ita zuwa gobe. Ba a taɓa binne kowa don ya ce ban gano ba. Kuma in zuciyarka tana damunka a kan wani aiki da ka yi, kada ka nemi abin da za ka toshe ta da shi. Ka tashi ka koma ka gyara tun kunyar tana ƙarama, tun mai haƙƙin yana raye, tun in ka faɗi gaskiya za a yarda da kai.

Ku kuma masu kunne, da kuke bin gawa don ku ji abin da za ku faɗa, ku ji tsoron Allah. Ba a ba mota sanin abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ba, ku ma ba a ba ku ba.

Allah ya kiyaye mu da ha'inci a cikin sana'o'inmu, ya kiyaye harsunanmu daga rantsuwar ƙarya. Allah ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu kai su makwancinsu cikin sutura, kada ya jarrabe su da aikin hannuwanmu. Amin.